Tafintar Asibiti da Katin da Ba na Waya Ba

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ta tafinta ɓata shi na yi, kuma a gaban wadda take koya mini. Na fara muku da wannan ne saboda tun da kuka shigo neman koyon aikin kuke ce mini kun iya Turanci, kun iya Hausa, to me ya rage. Ɗayarku ma cewa ta yi, "Anti, ai ko waya tana yin fassara." Ni ma da Turancina na zo garin nan. Shekara shida na yi ina koyar da shi a wata sakandaren 'yan mata a Kano kafin maigidana ya samu gurbin digiri na uku mu taho Kuala Lumpur, da ya gama kuma suka riƙe shi yana koyarwa. Saboda haka ku gyara zama, shayin ma bai huce ba.

Sunan mara lafiyar Alhaji Buba, mai fataucin shanu daga Potiskum. Ƙafafunsa ne suka kumbura har takalmi ya daina shiga, 'ya'yansa suka turo shi nan. Wadda ta karɓe shi ita ce Anti Laraba, tsohuwar nas daga Zariya, wadda ta riga mu zuwa da shekaru masu yawa. A lokacin, duk Bahaushen da ya sauka garin nan neman magani, lambarta ce a aljihunsa. A wani taron suna a unguwar Setapak ta gan ni, ta ji ina yi wa wata maƙwabciya 'yar China bayanin yadda ake dama kunun gyaɗa da Turanci, sai ta ce in biyo ta asibiti ran Talata.

Likitan zuciya ne, wani dogon mutum, ɗan ƙasar nan amma asalin iyayensa Indiya. Ya durƙusa ya danna ƙaurin Alhaji da babban yatsa, ya ɗaga, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce wannan kumburin shi ne calling card na zuciyar da ta gaji.

Ku ba ku tarar da zamanin ba. Kafin a fara kiran gida ta intanet, kati muke saya a kantin unguwa, mu kankare bayansa, mu danna lambobi masu tsawo kafin mu ji muryar Kano. Sunan katin ke nan, calling card. A ranar ma akwai guda a jakata. Sai na juya da ƙarfin gwiwata na ce, "Alhaji, likita ya ce ka nemi katin waya saboda maganar zuciyar."

Alhaji Buba ya gyaɗa kai. "Ai akwai, yaran sun saya mini tun a filin jirgi. Shi zan riƙa kira?"

Anti Laraba tana zaune a bayana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta matso da kujerarta ta ce, "Alhaji, a yi haƙuri, za a gyara. Cewa ya yi wannan kumburin da kake gani, shi ne shaidar da ciwon zuciya yake bari in ya zo. Da shi ake gane shi. Ba ƙafar ce ke ciwo ba, zuciyar ce ta rage ƙarfi, sai ruwa yake taruwa a ƙasa."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce wata uku yana shafa mata man zafi, ashe ba a nan abin yake ba.

Da muka fito ta kai ni wani mamak da ke tsallaken titi, irin shagon shayin nan na Indiyawa Musulmi, ta sa aka kawo mana shayi mai kumfa. Ina jiran faɗa, ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Zulai, da kika ji maganar, ta zauna miki?"

Na ce a'a.

"To me ya sa kika faɗa?"

Na ce don kada a ce ban sani ba.

"Wannan shi ne abin da zai kashe miki mutum wata rana," in ji ta. "Likita ba ya jin haushin a ce masa ya sake. In ma ya ji, haushinsa ba ya kwantar da kowa a gado."

Sannan ta warware mini maganar. Turawan da, in babban mutum ya je gaisuwa gidan wani bai same shi ba, sai ya bar ɗan kati mai sunansa a faranti a bakin ƙofa, mai gida ya dawo ya san wanda ya zo. Kiran da ke cikin sunan ba na waya ba ne, ziyara ake nufi. Daga baya maganar ta tashi daga kan takarda ta koma kan hali. Duk abin da aka san mutum da shi, wanda in ka gani ka san ya wuce ta nan, shi ne katinsa. Magini mai yi wa kowace taga wata irin lanƙwasa, mai girki da ba ta sauke tukunya sai ta yaryaɗa man shanu, har ɓarawon da kullum yake barin ƙofa a buɗe bayan ya gama. Cuta ma tana da nata. Ba yabo ba ce kalmar, ba kuma zagi ba, ya danganta da wanda aka jingina wa da abin da ya bari.

Har yau ban samo mata kalma guda a Hausa ba, kuma na daina nema. In cuta ce sai in ce shaidarta. In mai sana'a ne sai in ce hannunsa, kamar yadda ake ganin ɗinki a ce wannan hannun wane ne. In hali ne, abin da aka san shi da shi. Sau ɗaya na gwada cewa tambari, wata tsohuwa daga Gumel ta ɗauka ganga nake nufi, ban ƙara ba.

Kusan shekara biyu na yi ina ɗaukar wa Anti Laraba jaka. Wata uku na farko ban sake buɗe baki a gaban likita ba, ina bayanta ina rubutu. Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a jakar da ke kan kujera. Ƙaramin littafi da fensir biyu, don lambobi da sunan magani, saboda kai ba ya riƙe lamba in ana magana biyu a lokaci guda. Sai hoton jikin mutum gaba da baya, wanda ta sa aka lulluɓe da leda, saboda yawancin matanmu ba za su furta wurin da ke musu ciwo a gaban namiji ba, amma za su ɗora yatsa a takarda. Sai agogon kwali mai hannu biyu. Likita zai ce sau uku a rana, ni kuma in juya hannun agogon in ce bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha. Wanda bai damu da ƙarfe nawa ba, bai taɓa manta salla ba. Wurin zama ma kayan aiki ne. Ba a tsakiya ake zama ba, ɗan bayan kafaɗar mara lafiya ake zama, don likita ya riƙa kallonsa shi, ba ke ba.

Abin da ba ku sani ba, Turancin ba shi ne mai wuya ba. Hausar ce. Wata Hajiya daga Katsina ta taɓa dafe ƙirji a gaban wannan likitan zuciyar ta ce, "Zuciyata tashi take yi." Ki juya wannan kalma da kalma, a ruga da ita ɗakin gaggawa, alhali amai take ji saboda sabon magani. Mutum zai ce sanyi ne ke damunsa, sai kin bi a hankali kafin ki san mura yake nufi, ko ciwon gaɓɓai, ko abin da yake jin kunyar faɗa. Basir kuwa, rabin ciwon duniya basir ne a bakin mutanenmu. Wanda ya fi duka haɗari shi ne "da sauƙi." Na ga wanda ba ya iya ɗaga kai daga matashi, aka ce ya jiki ya ce da sauƙi. Ba rahoto ba ne, ladabi ne da godiyar Allah. Wayar da kuke taƙama da ita za ta gaya wa likita ya warke.

Wani aiki da ya canza mini hanya, na wata mata ce daga Birnin Kebbi mai ciwon gaɓɓai. An ba ta ƙwaya mai ƙarfi da ake sha sau ɗaya a mako. Na faɗa mata daidai, sau ɗaya a mako, ran Juma'a. Ta ce to, to, Allah ya saka. Kwana huɗu a jere tana sha, sai da bakinta ya fashe aka dawo da ita. Allah ya kiyaye ta warke. Na duba littafina, ban yi kuskure ba, abin da likita ya faɗa shi na faɗa. Amma "to" ɗinta ba na ganewa ba ne, na gajiya ne da son a tashi. Tun daga ranar ban ƙara barin kowa ya miƙe daga kujera ba sai ya maimaita mini. Sai in ce, "Hajiya, yanzu ke ce likita, ni ce mara lafiya, faɗa mini yadda zan sha."

Alhazai ba su so ba. Wani ɗan kwangila daga Bauchi ya taɓa ce mini, "Malama, ni ɗan makaranta ne?" Na ce a'a Alhaji, ni ce ba na yarda da bakina, a taimake ni. Ya maimaita, ya haɗa maganin safe da na dare, muka gyara, bai ƙara ƙorafi ba. Likitoci ma da farko agogo suke kallo. Amma wata rana ina tsaye a baranda, wannan dogon likitan yana gabatar da ni ga wani sabon abokin aikinsa, na ji ya ce masa, in ka gan ta ka ƙara minti biyar a lokacinka, sai ta sa mutum ya maimaita, calling card ɗinta ke nan. Ban tambaye shi yabo ne ko ƙorafi ba. Bayan mako biyu sabon likitan da kansa ya sa aka neme ni. A gida kuwa ba sunana ake ba mutane ba. Sai a ce in ka sauka ka nemi matar nan mai sa mutum maimaici. Da mijin Anti Laraba ya yi ritaya suka koma Zariya, ni ta miƙa wa hoton nan mai leda da littafin lambobinta.

Sai ga shekarar annoba. A mako guda aka rufe iyaka, jirage suka daina sauka, 'yan sanda suka kafa shinge a manyan hanyoyi, mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida. Ni da nake zagaya asibiti uku a yini, na koma tsayawa a tagar nan ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ta unguwar Wangsa Maju ba kowa a ciki. Sababbin marasa lafiya ba sa zuwa. Waɗanda kulle ya rutsa da su a nan, asibiti ya hana a shiga da mai rakiya. Aikin ya koma waya. Hoton jiki ba shi da amfani, agogon kwali ba shi da amfani, fuskar da nake karantawa babu. Kunne kawai ya rage. Maigidana yana falo yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta, yara uku kowa na ɗaki da nasa darasin, sai na mayar da ɗan lungun da muke shanya a bayan kicin ya zama ofis. Kujerar roba, abin sawa a kunne, da doguwar wayar caji.

Cikin waɗanda kullen ya rutsa da su akwai Alhaji Ɗanjuma, mai sayar da taki da iri a Gusau, da matarsa Hajiya Kulu. Ya zo aikin zuciya wurin wannan dogon likitan 'yan makonni kafin a rufe. Aka yi, aka ga sai an sake wani, likita ya hana shi doguwar tafiya a jirgi, wata ya zama watanni, har shekara ta zagayo suna wani ɗan gida da suka kama a unguwar Sri Petaling. Daga shi har ita ba mai jin Turanci. Duk bayan mako biyu ake haɗa mu uku a waya, shi da likita da ni.

Alhaji Ɗanjuma mutum ne mai gaisuwa. In aka haɗa layi sai ya gaishe ni, ya tambayi Malam maigidana, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya gajiya, ya ruwa, ya zaman kulle. Sannan ya ce in gaishe masa da likita, da iyalin likita, da mahaifiyar likita da ya taɓa jin tana fama da gwiwa. Likitan ya saba, har yakan ce mini ya ajiye biro sai an gama.

Wata Laraba da hantsi, lokacin da cutar ta sake tashi asibitoci suka cika, aka haɗa mu. Alhaji ya ce, "Malama, ina kwana." Ya tsaya. Na jira ya tambayi yaran, bai tambaya ba.

Likita ya ce a tambaye shi ya jiki.

"Da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Na juya wa likita kamar yadda ya faɗa. Ƙa'idar da Anti Laraba ta koya mini ita ce, ba a cusa maganar kai cikin ta mara lafiya, in dole ce sai a sanar. Sai na ce, "Likita, wannan maganata ce, ba tasa ba. Da sauƙi a wurinmu amsar gaisuwa ce. Kuma yau bai tambayi mahaifiyarka ba." Na juya na gaya wa Alhaji abin da na ce, don kada a yi magana a kansa bai sani ba. Ya ce gajiya ce kawai.

Likita ya ci gaba. Ya ce za a rage ƙwayar fitar da ruwa, rabi da safe, a bar ta yamma. Na faɗa. Na ce, "Alhaji, maimaita mini."

"Rabin ƙwaya," ya ce. Na ji ya ja numfashi. "Da safe." Ya sake ja. Sauran bai fito ba.

Sai ga muryar Hajiya Kulu daga nesa da wayar. "Malama, ki gaya wa likita, kwana uku ke nan yana mini faɗa wai miyata ta zama ruwa. Jiya na turara ɗakin har ni ina tari, ya ce bai ji ƙanshin komai ba."

"Ke Kulu, wannan ba maganar likita ba ce," in ji Alhaji.

Na juya duka biyun, nata da nasa. Duk abin da aka faɗa a ɗaki na likita ne, ba ni ke zaɓa ba.

Likitan ya ce da ni a hankali, wannan ai calling card ɗin cutar nan ne. Na ce, "Alhaji, likita ya ce rashin jin ƙanshi da ɗanɗano shi ne shaidar da cutar nan da ake fama da ita take bari. Da shi ake gane ta shigo." Aka ce ya ja numfashi ya ƙirga zuwa ashirin. A takwas ya tsaya. Likita ya ce zai nema masa gado a asibitin da yake aiki, zai turo mota yanzu, da irin zuciyarsa ba a jira gobe.

Alhaji ya ce, "Malama, gaya masa na gode. Ba zan je ba." Yana yi yana hutawa, ni kuma ina jira, ban ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba. "Na ji labari. In aka shiga da mutum ba mai ganinsa. Ko ruwa na nema, ba wanda zai gane. In lokaci ne, ya same ni kusa da Kulu. A can wa zai laƙƙana mini kalmar shahada?"

Na juya shi yadda yake, ban rage ba, ban tausasa ba. Likita ya ce da ni, ke yake jin maganarki, ki shawo kansa. Na ce wannan ba aikina ba ne, likita, ka faɗa masa abin da za ka iya yi masa, ni in kai. Sai ya tambaye ni ko zan yarda a riƙa kirana kowane lokaci. Na ce na yarda. Sai ya ce a gaya wa Alhaji abu biyu. Za a ɗaure wayarsa a jikin gado, duk wanda zai taɓa shi sai ya kira tafinta tukuna. Kuma yawancin nas-nas ɗin ɗakin Musulmi ne, zai bar wasiyya a rubuce a kan takardarsa game da abin da ya roƙa.

"Malama," in ji Alhaji, "ke kin yarda da wannan?"

Na ce, "Alhaji, wannan maganata ce. In dai aka kira, zan ɗaga."

"To maimaita."

Na maimaita masa. Na ji Hajiya Kulu ta yi wata 'yar dariya da ba ta ƙarasa ba, sannan na ji ta buɗe durowa tana haɗa masa kaya.

Kwana goma sha shida ya yi. Hajiya ma gwaji ya nuna tana ɗauke da ita, amma nata bai yi tsanani ba, aka ɗaura mata abin hannu na shaidar killacewa aka ce ta zauna a gida, matanmu na unguwar suka riƙa ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Wayar Alhaji aka sa a leda aka ɗaure a ƙarfen gado. Wadda ta fi kirana wata nas ce Bamalaya, Sista Aini. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Muryarta ta cikin takunkumi biyu take fitowa, ga ƙarar iskar da aka sa masa a hanci, sai na toshe ɗaya kunnen da yatsa kafin in ji. A kwanakin nan ko wanka zan shiga, wayar tana kan taga.

Rana ta uku da rana ta kira ni, ta ce lambar iskar jininsa tana sauka, suna so ya kwanta rub da ciki don huhun ya buɗe, shi kuma ya ƙi, har yana ture hannunta. Na ce a kara masa wayar. Na ce, "Alhaji, sun ce ka kwanta rub da ciki, huhu ya fi samun iska a haka."

"Malama, ke ma kin sani. An hana wannan kwanciyar. Ban yi ta ina da lafiya ba, sai yanzu da nake bakin tafiya?"

Da ni wata ce, da na ce wa Sista tsoho ne mai taurin kai, ko in fara yi masa wa'azi da kaina. Na juya mata dalilinsa kamar yadda ya kawo shi. Ta ce, au, wannan ne? Ta ce a gaya masa ita ma haka kakarta ta koya mata, ko ɗanta ta gani a haka sai ta juya shi. Amma wannan lalura ce, kamar mara lafiya da ke salla a zaune. Kuma in ya yarda, za ta juya gadon yadda in ya karkata kansa dama zai fuskanci alƙibla.

Na faɗa masa. Ya ce, "Ita ta faɗi haka, ko ke?"

Na ce ita.

"Ashe ta yi karatu." Na ji ƙarar ƙafafun gado ana turawa.

Rana ta biyar ce mai nauyi. Likita ya ce in zuwa La'asar lambar ba ta tashi ba, za a sa masa barci a zura masa bututu, kuma ba kowa ke dawowa daga nan ba, balle mai irin zuciyarsa. Sau biyu na faɗi wannan maganar, sau ɗaya gare shi, sau ɗaya ga Hajiya Kulu tana ita kaɗai a gida. Ta ce, "Malama, ki gaya mini gaskiya, ɓoye mini suke yi?" Na ce Hajiya, da akwai abin da ya faɗa bayan wannan, da kin ji shi. Ta ce to, ta yarda, tunda ni ce. Shekarun da na yi ba na ragewa ba na ƙarawa, ranar suka yi mini amfani. Kafin La'asar lambar ta ɗaga kaɗan, washegari ta ƙara, ba a kai ga bututun ba.

Yana Gusau yanzu, an ce har ya koma zama a shago da safe. Amma ranar da aka sallame shi nake so ku ji. Da azahar Sista Aini ta kira, ta ce ya hau keken da za a tura shi, amma ya riƙe ƙofa ya ce ba zai fita ba sai an kira Malama. Na ce ga ni, Alhaji.

Ya ce, "Malama, ki gaya wa yarinyar nan, kuma kada ki rage." Ya fara. Allah ya yi mata albarka. Allah ya jiƙan kakarta da ta koya mata. Allah ya raya mata ɗanta, ya sa ya ji ƙanta yadda ta ji ƙan wanda ba ta sani ba. Yadda ta juya masa gado, Allah ya juyo mata da alheri ta inda ba ta zato. Hannun da ta ɗaga kansa da shi ta ba shi ruwa, kada Allah ya sa ya taɓa wuta. Yana faɗa yana hutawa, ina juyawa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa amin. Na ji wasu muryoyin ma a ɗakin sun shigo cikin amin ɗin.

Da ya gama ta fara ba shi amsa. Ta soma da Turanci, muryar ta karye, ta koma harshensu, tana yi tana tsayawa. Ina jin Malayanci daidai gwargwado, na riga na rubuta kalmomin farko a littafi, na buɗe baki na ce, "Alhaji, ta ce..."

"Bar shi, Malama," in ji shi. "Wannan na ji."

Na ajiye fensir na bar su suka ƙarasa.